Muryar Baba a Ƙarshen Layi

Ranar da likita ya ce sai an yi wa Baba aiki a maƙogwaro an cire inda murya take fitowa gaba ɗaya, Baba ne ya fi kowa surutu a hanyar komawa gida. Ya zagi mai tasi kan yadda yake taka birki, ya zagi wanda ya haƙa ramin da ke bakin titinsu, ya ce likitan ma da ganin hannunsa bai taɓa canza taya ba. Tsohon direban bas ne, mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana magana a kan ƙarar inji, don haka ko gishiri zai ce a miƙo masa sai maƙwabta sun ji. Yanzu ciwon daji ya ci muryar, ta dushe, tana fita kamar ana jan buhu a kan siminti. Amma dai tasa ce.

'Yarsa ta ƙarshe tana kujerar gaba, ta juya fuska wajen taga don kada ya ga idonta. A gida Auta ce, a wurin aiki Injiniya. Ita da wani dattijo da ake ce wa Gemu suke kula da manyan kwamfutocin wani kamfanin kai kaya gida-gida. A asibitin ne wata nas ta ja ta gefe ta gaya mata abin da ya hana ta sukuni: idan aka ɗauki muryar mutum da yawa kafin a yi aikin, kwamfuta za ta iya koyon ta, daga baya ya riƙa rubutu a waya, wayar tana faɗa da muryarsa.

"Wato in mutu waya ta gaje ni," in ji Baba da ta kawo masa zancen.

"Ba mutuwa za ka yi ba, Baba."

"To wa ya ce miki? Ke likita ce ko mai gyaran rediyo?"

Amma ya je. Ranar hutu ta kai shi ɗakin taron ofis, inda ake da makirufo mai kyau, ta rufe ƙofa ta kashe fanka. Ta ba shi jimlolin da zai karanta, ya karanta kaɗan ya ture takardar.

"Wane mahaukaci ne yake cewa 'yanayi yana da daɗi a yau'? Ni ban taɓa faɗar haka ba tunda aka haife ni. Danna abin naki. Ke Auta! Kashe fitilar nan, rana ba ta ishe ki ba?"

Haka aka yi ta yi. Ya kira Mama da sunan da shi kaɗai yake kiran ta, ya yi wa Yaya, babban ɗansa, faɗan da ya saba, ya jero tashoshin tsohuwar hanyarsa ɗaya bayan ɗaya kamar yana kiran fasinja. In tari ya sarƙe shi sai ya kurɓi ruwa ya ci gaba. Sun koma sau da dama kafin ranar aikin, har sai da muryar ta ƙi fita. Fayilolin sun yi wa 'yar kwamfutarta girma, sai ta kwashe su kaf ta zuba a wani tsohon inji na ofis, mai lissafin hanyoyin direbobi. A ganinta ba inda ya fi can tsaro, tunda kullum ana ɗaukar kwafin duk abin da ke kan injin a kai wani rumbun ajiya daban.

Saura koyon muryar, kuma wannan aiki ne mai cin ƙarfin inji ba kaɗan ba. Ta je wurin Manaja.

Manaja ba mugu ba ne, a faɗi gaskiya. Mutum ne dai da in ka ce masa gidanka ya kama da wuta zai fara tambaya ko hayaƙin zai shigo ofis. Ya saurare ta yana juya biro, ya ce Allah ya ba Baba lafiya, sannan ya ce, "Ki sa a tsohon injin can mai lissafin hanyoyin direbobi. Amma a ƙarshen layi, Injiniya. Kada in ji direba ɗaya ya ce taswirarsa ta makara."

Ga wanda bai san cikin inji ba, ga yadda abin yake. Ayyuka ɗaruruwa ne suke son ƙwaƙwalwar kwamfuta a lokaci guda, ita kuwa ba ta iya ɗaukar su duka. Don haka akwai wani ɓangare da ba shi da aikin komai sai rabon lokaci: wannan ya shiga na ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba, a fitar da shi, wancan ya shiga. Kowane aiki yana ɗauke da wata lamba da take nuna yawan haƙurinsa. Mai babbar lamba shi ne mai kawaici, wanda ko an zo kansa, in wani ya yi gyaran murya a baya sai ya matsa ya ba shi wuri. Bayan wannan kuma ana tara ayyuka rukuni-rukuni. Tun kafin a ɗauki Injiniya aiki Gemu ya kasa na wannan injin gida biyu: rukunin gaba, na direbobi da kwastomomi, da rukunin baya, na shara da goge-goge, irin ayyukan da ba wanda yake tuna su sai ranar da ba a yi ba.

A rukunin baya ta sa muryar Baba, ta ba ta lambar haƙuri mafi girma, kamar yadda aka ce mata.

Kai, wannan inji bai san hutu ba! Da safe direbobi, da rana kwastomomi masu tambayar ina kayansu, in gari ya yi shiru kuma sai ya kama lissafin hanyoyin gobe. Kullum in ta shigo ɗakin injunan, da sanyinsa mai shiga ƙashi da ƙugin fankoki, kafin ta ajiye jaka sai ta duba. Akwai ɗan layi a allon da yake nuna inda aikin ya kai. Wani lokaci sai ta kafa farce a daidai bakinsa, ta dawo da yamma ta tarar bai wuce farcen ba.

"Yana tafiya?" Gemu yakan tambaya, yana dumama hannu da kofin shayi.

"Yana numfashi dai."

"To ai shi ke nan. Mai rabon nan ba ya kashe kowa, 'yata. Jira kawai yake sa mutum."

Aka yi wa Baba aiki. Ya dawo gida da rami a ƙasan wuya, an rufe da ɗan farin ƙyalle da yake motsi in ya ja numfashi. Gidan ya yi wani irin shiru da Auta ba ta taɓa sani ba, har ƙarar firiji ake ji daga ɗakin kwana. Asibiti sun ba shi wata na'ura da ake dannawa a wuya ta yi magana. Ya gwada sau ɗaya, abin ya yi ƙara kamar ƙuda a cikin gwangwani, jikarsa ta fashe da kuka ta ɓuya bayan Mama. Ya buɗe durowa ya jefa ta ciki, ba wanda ya ƙara ganin ta. In yana son abu sai ya buga cokali a jikin kofi. In ya ji haushi sai ya buga da ƙarfi, kuma kusan kullum da ƙarfi yake bugawa.

Duk yamma in Auta ta shigo, kafin ta cire takalmi zai ɗaga wayarsa ya girgiza mata, ya ɗaga gira.

"Ana nan ana yi, Baba. Ya kusa."

Sai ya kalli silin, ya kalle ta, ya juya hannu kamar mai tuƙa sitiyari a hankali, yana kwaikwayon sabon direba. Mama ta yi dariya ta ce wai yana cewa injin naku ɗan koyo ne. Auta ma ta yi dariya, ta shiga banɗaki ta buɗe famfo ta yi kukanta.

Ya fara koyon rubutu a waya, shi da a da ko saƙo aka turo masa sai ya kira mutum ya ce in yana da magana ya buɗe baki. Da yatsa ɗaya yake yi, harshe a waje. Yana tara abubuwan da zai faɗa ranar da muryar ta iso, kuma ba ya bari kowa ya leƙa.

Sai aka koma asibiti aka sake ɗaukar hoton cikin jikinsa. Likita ya kira Yaya da Auta ofis ya ce ciwon ya sauka ƙirji. Bai faɗi ko saura yaushe ba, su ma ba su tambaya ba, amma da suka fito Yaya ya tsaya a bakin matakala ya juyo mata.

"Ke wai me kike jira ne? Ba ke ce mai injin ba? Mutum yana riƙe da makullin ɗaki yana kwana a waje!"

"Yaya, ba nawa ba ne. An ce in sa a baya."

"An ce! To ki zauna a kan 'an ce' ɗin, har a binne shi da cokali a hannu."

Maganar ta yi mata zafi don gaskiya ce. Washegari ta riga kowa zuwa ofis. Ta zauna gaban allo. Ba ta fitar da aikin daga rukunin baya ba, don wannan sai da sa hannun Gemu, kuma Manaja zai gani. Lambar kawai ta taɓa. Ta sauke ta daga ƙarshen haƙuri zuwa ƙarshen rashin haƙuri, inda aiki yake ture kowa ya wuce. A ranta ta ce direbobi su yi haƙuri, taswira ta makara da ɗan daƙiƙa ba ta taɓa kashe kowa ba. Ta zauna tana jiran wayar Manaja.

Wayar ba ta zo ba. Layin kuwa ya motsa. Ba gudu yake ba, amma kafin a tashi ya wuce farcenta har da ɗan ragi. Direbobi ba su yi ƙorafi ba, kwastomomi ba su yi ba, babban allon bango da yake nuna lafiyar injuna kore shar. Wayyo, da ta tsaya ta tambayi kanta daga aljihun wa wannan lokaci yake fitowa! Amma wa yake bincikar alheri in ya zo masa yana tsakiyar buƙata? Ta sayi lemo ta kai gida, ta ce wa Baba an canza wa ɗan koyo giya. Ya buga cokali sau biyu a hankali, wanda a yarensa na yanzu yabo ne.

Makonni suka shige. Baba ya rame har agogonsa yana zamewa zuwa gwiwar hannu, ya daina fitowa falo. Layin ya wuce rabi, ya wuce kashi uku cikin huɗu, ya kai inda in ta runtse ido ɗaya sai ta ga kamar ya cika. Ta fara tunanin wace waya za ta sa masa, da ko lasifikar za ta iya ɗaukar faɗansa.

A ƙarshen wani mako esin da ke sanyaya ɗakin injuna ya mutu, ba kowa a ofis. Da suka buɗe ƙofa ranar aiki, zafi ya buge su kamar an buɗe murhu, ga warin roba. Sababbin injuna sun kashe kansu da kansu sun tsira. Tsohon injin hanyoyi ya yi ta aiki har faya-fayan ajiyarsa biyu suka ƙone tare.

Injiniya ba ta tsorata sosai ba. Ai akwai kwafi.

"Kwantar da hankalinki," in ji Gemu, yana jan kujera. "Na jiya ma yana nan. Abin da za ki rasa bai wuce aikin yini ba."

Ya buɗe rumbun ajiya. Ya duba. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya mayar, ya sake dubawa. Inda kwafin tsohon injin ya kamata ya kasance, ba komai.

"Ba zai yiwu ba," ya ce. "In aikin kwafi ya faɗi, allo yana yin ja. Ni na haɗa shi da hannuna."

Ya shiga tarihin da injin yake aikawa waje, yana bi yana gunaguni. Can ya tsaya. Da ya juyo ba fushi a fuskarsa, abin da ya fi fushi muni ne, tausayi.

"'Yata, kin taɓa lambar aikinki?"

Ta ce ta taɓa.

"Kina tsammani daga wurin direbobi kike ɗiba."

"To daga ina?"

Ya ja numfashi. "Mai rabon nan ba ayyuka yake fara kallo ba, rukuni yake kallo. Ya ba na gaba kasonsu, ya ba na baya ɗan abin da na yanka musu. Lambarki ba ta fita daga ɗaki. Ko kin kai ta ina, ba za ta ƙara wa rukunin baya ko ƙwaya ba. Cikin kwanon 'yan ɗakinku kawai take ba ki babban hannu." Ya nuna allo da yatsa. "Ga 'yan ɗakin naki. Mai share tsofaffin fayiloli, mai duba ƙwayar cutar kwamfuta. Da mai ɗaukar kwafi."

Ta kalli inda yatsansa yake. Aikin kwafin bai faɗi ba, shi ya sa allo bai yi ja ba. Tun ranar da ta canza lambar yake nan a tsaye, an rubuta "yana aiki" a gabansa, yana samun ɗan abin da bai isa ya gama ko folda ɗaya ba. Bai mutu ba balle a yi kururuwa, jira kawai yake.

"Tsofaffin fa?" ta ce. "Na kafin in taɓa. Muryar tana cikinsu."

"Rumbun yana share duk kwafin da ya tsufa, don a sami wuri. Da kansa yake yi." Gemu ya sunkuyar da kai. "Ba ya tambaya ko sabo ya iso. Wannan kuma laifina ne, ban taɓa kawo wa raina ba."

Abin haushin, kamfani bai yi asarar komai ba. Hanyoyin direbobi ana iya sake lissafa su daga wani injin, kafin azahar an yi an gama. Manaja ya leƙo ya ce a kira masu esi, a kuma rubuta masa yadda za a hana irin wannan nan gaba. Da Gemu ya gaya masa abin da ya ɓata, ya dafa ƙofa ya ce, "Ash-sha. Sannu, Injiniya," kuma da gaske yake. Ko faɗa bai yi mata ba. Ta so a ce ya yi, ta so a kore ta, ta so wani ya ɗaga murya a kanta ko ta sami abin riƙewa.

Ta ɗauki faya-fayan biyu ta kai wa masu ceto bayanai a wani bene a tsakiyar gari. Suka riƙe su kwanaki, suka kira ta suka ce allurar da ke karanta faifan ta karce fuskarsa tas, abin da ke ciki ya zama ƙura. Ta zazzage 'yar kwamfutarta, ta zazzage makirufon ofis kamar makirufo yana ajiye abu. Ta bi dangi ɗaya-ɗaya tana tambaya ko wani yana da muryar Baba a waya. Mutumin da ya cika unguwa da magana shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa tunanin ɗauka, don wa yake ajiye abin da yake ganin ba zai ƙare ba? Abin da aka samu bidiyo ɗaya ne a wayar Yaya, na ranar da jikar ta fara tafiya. Ana ganin ƙafar Baba a gefe, ana jin tarinsa sau ɗaya.

Yaya ne ya nuna mata shi. Ya miƙa mata wayar, ya fita ya zauna a mota.

Duk kwanakin nan tana shiga ɗakin Baba ta ce ya kusa. Ranar da masu ceton suka kira, ta dawo da rana tsaka, ta tarar Mama tana goge masa baki da tsumma mai ɗumi. An jingina shi da filo uku. Ƙyallen wuyansa yana shiga yana fita da sauri. Da ya gan ta ya laluba gefen katifa ya ɗago wayar, da ƙyar, ya ɗaga gira.

Ta durƙusa a gaban gadon. Ta yi niyyar ta ce ya kusa, bakinta ya ƙi.

"Baba, ta ɓata. Duk abin da muka ɗauka ya ɓata, ba sauran ko kalma ɗaya. Ba injin ba ne, ni ce. Na yi gaggawa na taɓa abin da ban gane ba."

Ya kalle ta. Sannan ya kalli wayar da ke hannunsa, inda ya tara maganganunsa, ya kife ta a kan bargo. Leɓɓansa suka fara motsi. Magana yake yi sosai, doguwa, da ƙarfinsa, jijiyar goshinsa ta tashi, amma abin da yake fita iska ce kawai ta ramin wuya, tana ɗaga ƙyallen. Ya yi ta yi har ya gaji, kansa ya koma kan filo.

"Ya ce ba komai," in ji Mama da sauri, tana gyara masa bargo. "Ya ce Allah ya yi miki albarka, kin yi iya ƙoƙarinki."

Auta ta kalli bakin nan tun tana cikin zani, ta san yadda yake lanƙwasa in zai sa albarka. Ba haka ya lanƙwasa ba. Amma abin da ya faɗa ɗin, ko zagi ne, ko wani abu ne da ya daɗe yana ajiye mata, ba ta iya karantawa ba.

"Baba, sake faɗa," ta ce, ta matso da fuskarta kusa da tasa. "Don Allah, a hankali. Zan gane."

Ya rufe ido, ya juya fuska wajen bango. Mama ta taɓa kafaɗarta ta ce ta tashi haka nan, ta bar shi ya huta.